Likita ya ce kumburin tsokar zuciya ne, ya hana shi ƙwallo

Maman Abba:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yarona ɗan shekara 14 ya yi mura da zazzaɓi muka ɗauka maleriya ce aka sayo magani a kemis ya sha ya warware, to bayan kamar sati ɗaya ya dawo daga fili yana dafe da ƙirji yana haki, babansa ya ce olsa ce tunda ba ya karyawa yake fita. Da dare abin ya ƙi, muka tafi asibiti aka yi masa ECG, wato gwajin bugun zuciya, aka ɗibi jini, suka ce wani abu a jinin wai troponin, mai nuna tsokar zuciya ta taɓu, ya hau, washegari aka yi eko, wato hoton zuciya. Likita ya ce mayokadaitis ne, kumburin tsokar zuciya, wai ƙwayar cutar murar ce ta taɓa zuciyar. Yanzu an sallame mu yana ci yana sha har da tsokanar ƙannensa, amma an ce babu ƙwallo babu gudu wata 3 zuwa 6. Yaron har kuka ya yi, babansa kuma cewa yake likitoci sun cika tsoratarwa yaro ai ya miƙe. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ana warkewa gaba ɗaya kuwa? Kuma ƙannensa za su iya ɗauka?

Ummu Hanan:
Ayya sannu Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ki riƙa ba shi zuma da habbatussauda da safe, kuma a rage masa gishiri.

Sista ta ɗakin yara:
Wa alaikumussalam yaya. Ni nas ce ba likitar zuciya ba, amma muna ganin irinsu. Yawancin yaran da suka zo kamar naki, wato matashi namiji da ciwon ƙirji bayan mura, suna warkewa zuciyar ta koma daidai, musamman in eko ya nuna ƙarfin bugunta bai faɗi sosai ba. Ki duba takardar ekon za ki ga EF, wato ma'aunin ƙarfin bugun, wajen 55 zuwa sama shi ne na lafiya. Akwai kaɗan da zuciyar ke buɗewa ta yi laushi daga baya su daɗe kan magani, shi ya sa ake maimaita eko ko da yaro ya ce garau yake ji.

Maganar babansa kuma a yi haƙuri, miƙewar yaro daban warkewar tsoka daban. In ƙafa ta yi targaɗe ɗaure ta ake a hutar, ita zuciya ba ta da hutu ko barci yake tana aiki, iya abin da za a yi mata kar a ƙara mata kaya. Kuma ba gajiya ake gudu ba, tsoron shi ne tsokar da ke kumbure tana iya rikita bugu farat ɗaya ana tsaka da gudu, yaro ya yanke jiki ya faɗi a fili. Wannan cutar tana cikin sanannun dalilan mutuwar fuju'a ga matasa 'yan wasa. Kafin a bar shi ya koma galibi sai an sake eko, a maƙala masa na'urar da ke naɗar bugu na awa 24, wani lokacin a sa shi gudu kan inji ana kallon ECG.

Zuma ba laifi amma ba ta maye maganin da aka rubuta. Jiƙe-jiƙe da ba a san me ke ciki ba a bari. Su ibuprofen da diclofenac ma kar a sayo masa a kemis sai likitansa ya yarda. Kumburin ba ya yaɗuwa, murar ce ake ɗauka kuma mafi yawan yara suna yinta ta wuce ba ta taɓa zuciya.

Baban Khairat:
Ni abin da zan ƙara, ku gode Allah naku babba ne yana iya nuna inda ke masa ciwo. 'Yar ƙanwata tana goye abin ya same ta, ba ta kama nono sai ta tsotsa kaɗan ta saki tana gumi a goshi, numfashi sama-sama, ga amai. Wuri biyu aka ce nimoniya ce, har ruwa aka ƙara mata jikin ya daɗa rikicewa, sai da wata likita ta taɓa cikin ta ji hanta ta kumbura ta ce a ɗauki hoton ƙirji, nan aka ga zuciya ta yi girma. Ta sha magungunan ciwon zuciya, Lasix da captopril, ta jima a kai, yanzu tana firamare alhamdulillah amma har yau ana kai ta eko lokaci-lokaci. Jarirai abin ya fi yi musu tsanani gaskiya.

Hajjo Damaturu:
Ku tuna da mashaƙo ma. Lokacin da ta ɓarke a 2023 Kano da nan Yobe, yaro sai maƙogwaro ya lafa kumburin wuya ya saɓe iyaye su ce an tsallake, bayan sati ɗaya ko biyu zuciya ta buga, dafin ƙwayar ne ke cin tsokar. Wanda ya fi wannan na mura haɗari nesa ba kusa ba. Kuma ga rigakafinta kyauta, allurar penta ɗin nan da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14, amma sai ka ga kati a ƙasan akwati allura ɗaya kawai aka yi. Maman Abba ki duba katin ƙannen nasa.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sista na duba, EF ɗin 52 aka rubuta. Na tura wa babansa bayaninki ya karanta ya yi shiru dai, bai ce komai ba. To makaranta fa? Da keke yake zuwa, kuma akwai malamin da ke sa su tsallen kwaɗo in sun makara.

Sista ta ɗakin yara:
52 ya ɗan gaza kaɗan ne yaya, ba abin firgita ba, a ci gaba da magani a koma ranar da aka ba ku. Makaranta zai iya zuwa in likita ya amince, amma keke a ajiye tukuna a kai shi a adaidaita. Ki karɓo takarda daga asibiti ki kai wa shugaban makarantar da hannunki, kar ki ba yaron, ɗan shekara 14 ninke ta zai yi a aljihu don kar abokai su ce masa rago. A rubuta babu tsallen kwaɗo, babu wasannin motsa jiki, babu ɗaukar jarka. In kika ga ya suma ko ya ce zuciyarsa na fizga, ko ƙafa ta kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai ya jingina da filo, kar ku jira ranar asibiti, ku tafi a daren.