Masu tallafi sun ce mu zana taswirar sauyi, ta ina zan fara?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Muna da ƴar ƙungiya a Kurna, burinmu mayar da yara mata masu talla makaranta. Tsarinmu shi ne raba yunifom, littattafai da jaka. Masu ba da tallafin sun dawo mana da takardarmu, wai mu zana taswirar sauyi, wato mu nuna yadda rabon kaya zai kai yarinya ga zama a aji. Don Allah wanda ya sani ya haska min.

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam Hajiya. Fara daga ƙarshe ki dawo baya. Kina so yarinya ta gama aji uku na ƙaramar sakandare. Kafin nan sai tana zuwa kullum. Kafin ta riƙa zuwa kullum sai uwarta ta haƙura da cinikin tallar safe, wanda sau da yawa da shi ake cefane, da shi ake tara kayan ɗaki. Jaka ba ta biyan wannan kuɗin. To a kowace gaɓa rubuta abin da kike zaton gaskiya ne, ki je ki tambayi iyayen kafin ki sayi ko fensir. Abin da Carol Weiss, wata Ba'amurkiya masaniyar auna tasirin ayyuka, ta dage a kai a rubutunta na 1995 ke nan: a fito da zato fili.

Baban Sadik: Ƙari a kan na Malam. A yammacin Kenya an raba littattafai a makarantun firamare, da aka auna sai aka ga ɗaliban da dama suka fi ƙoƙari kaɗai suka ƙaru, saboda littattafan da Turanci suke, yawancin yaran ba sa iya karanta su. An kai kaya, zaton ne ya rushe. Don haka kada awonki ya tsaya a "mun raba jaka kaza". Duba rajistar aji tun kafin rabo, ki sake dubawa ranar kasuwa da lokacin azumi, sannan ki kwatanta da wata makaranta makamanciya da ba ku shiga ba.

Maman Hanifa: Allah Ya saka da alheri. Amma Baban Sadik, rajistar wani ajin malami cike ta yake yi a zaune ranar Juma'a. Wa zai ƙirga min yaran da ido?