Muhawara: Da gaske ne jiki ya fi kunne ji?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 4, da an hana shi abu sai ya zube ƙasa yana birgima, jiya har cizon ƙanwarsa ya yi. Babansa ya ce sangarta ce, bulala ce kaɗai maganinsa. An dake shi, ya koma. Me kuka gani?

Kawu: Wa alaikumus salam. 'Yata, mijinki ya yi gaskiya. Jiki ya fi kunne ji. Da bulala aka tashe mu, ga mu nan ba mu lalace ba. Yaran da ake lallaɓawa yanzu ai kuna ganin irin kallon da suke yi wa manya.

Malama: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ita da bakinta ta ce an dake shi ya koma. Duka yana tsayar da yaro a lokacin, wannan ba musu. Gobe fa? A 2016 masu bincike biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara nazarce-nazarcen shekara 50 da suka shafi yara sama da 160,000, suka ga yaran da ake duka sun fi yawan faɗa da taurin kai. A 2018 kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su bar duka da maganganun wulaƙanci.

Baban Yara: Malama, anya ba a juya lissafin ba? Ai yaron da ya fi taurin kai shi ya fi shan duka. Wa ya ce dukan ne ya kawo taurin kan?

Malama: Ka taɓo inda ake gardama. Shi ya sa wasu suka bi yara shekara da shekaru, suka auna halin kowanne tun farko. Ko da aka yi la'akari da wannan, waɗanda ake yawan duka suna shekara 3 sun fi faɗa da suka kai 5.

Kawu: Ku dai da Turawanku. Ba hadisi ne ya zo da duka a kan salla ba?

Alaramma: Ya zo, Kawu, a ruwayar Abu Dawud. Sai dai a duba shekarun: umarni a 7, duka sai a 10, wato shekara uku ana koyarwa da baki. Kuma malamai sun sharɗanta kada ya yi rauni, kada a taɓa fuska. Wannan yaron shekararsa 4. Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ya ce ko sau ɗaya bai taɓa ce masa tir ba.

Anti Nas: Maman Biyu, tambaya ɗaya. In ya yi birgimar, ana ba shi abin da yake nema?

Maman Biyu: In akwai baƙi, ko kakarsa tana nan, akan ba shi don a samu lafiya.

Anti Nas: To ga tushen nan. Ya gano cewa in ya ƙara murya, a'a takan zama e. Wata rana duka, wata rana biyan buƙata, dole ya ci gaba da gwada sa'arsa. Birgima a wannan shekarun ba baƙon abu ba ne, sashen ƙwaƙwalwar da ke danne fushi bai nuna ba tukuna. In ya fara, ki tabbatar ba abin da zai ji masa ciwo, ki bar shi ya gama, kada ki ba shi abin. Kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, nan ne yawancin iyaye ke sarewa. Cizo kuwa ba a kau da kai. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce "ba a cizo" sau ɗaya, ki zaunar da shi gefe kamar minti 4, ki koma kan wadda aka ciza. Duk ranar da kika ga yana wasa da ita lafiya, ki yaba masa nan take, ki faɗi abin da ya yi. Ki kuma duba barcinsa, ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a rana. In abin ya ƙi sauƙi, ko maganarsa ta yi jinkiri, a kai shi likita a duba har da kunnensa.

Baban Yara: Duk na ji, amma in Baba da Mama da Kaka ba su haɗa baki ba, aikin banza ne.

Kawu: Ni ban janye ba. Amma maganar kada a'a ta koma e, wannan na yarda. Iyayenmu ba sa magana biyu.

Baban Yara: To Kawu, anya ba wannan ne ya gyara ku ba, aka jingina wa bulala?

Kawu: Kai ma da ka sha ta yadda ya kamata, da ba ka yi min wannan tambayar ba.