Ramammu masu ɗaga ƙarfe a Sakkwato: mi kuke ci?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa. Nauyina kilo 54, na fara ɗaga ƙarfe amma har yau riga lilo take yi a jikina. Wani mai shago sai matsa mini yake in sayi garin furotin. Ku da kunka fara da rama irin tawa, mi ya yi muku aiki?

Na Runjin Sambo: Ƙanena, bar gwangwanin nan tukuna. Lissafin da masana ke bayarwa shi ne wajen gram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyinka a rana, kai ke nan kana neman gram 86. Furotin ɗin ƙwai guda gram 6 ne, don haka ƙwai kaɗai ba zai kai ka ba sai aljihu ya huje. Ni da ƙosai da kunun gyaɗa nake karyawa, da rana shinkafa da wake, in na taso daga motsa jiki hura da nono mai kauri, a bugo ta da dabino. Awara da ƙuli-ƙuli ba sa rabuwa da jakata. Yawancinmu muna ganin muna ci sosai, alhali shayi ne da safe, sai tuwon dare.

Ɗan Arkilla: Haka yake, Yaya. Ni zafi ke kashe mini cin abinci. In Afrilu ta kama, ma'auni ya wuce 40, loma ba ta wucewa. Sai na koma sha: kindirmo, ayaba, tunkuza cokali biyu, a markaɗa. Motsa jikin ma bayan asuba nake yi a wajen filin wasa na Giginya.

Baƙon Gwiwa: Don Allah ku guji maganin ƙiban nan "sha ka fashe". Abokina ya saya a wani kemis, fuska ta yi suntum, ciki ya fito, damtse kuwa yana nan jiya i yau. Likita ya ce dexamethasone ne: ruwa da kitse yake tarawa, yana ɗaga suga, tsokar ma raunana ta yake. Kuma ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali anka janye mishi. Ruwan maganin buɗe ciki mai cyproheptadine shi kuma barci yake sa mutum har a bakin aiki.

Na Runjin Sambo: In dole sai ka saya, creatine monohydrate, wani gari mai ƙara wa tsoka ƙarfi, shi ne na ga amfaninsa, gram 3 zuwa 5 kullum, da ruwa mai yawa. Kilon farko da za ka gani ruwa ne a cikin tsoka, kada ka yi saurin murna. Duba lambar NAFDAC, kuma mai ciwon ƙoda ya fara ganin likita.

Ɗan Mabera: Na gode, Allah Shi saka. Gobe Kasuwar Daji zan nufa in auno wake da waken suya. Wa ya san inda ake samun nonon da ba a tsinka shi da ruwa ba?