Neman shawara: kifin mandarin ɗina ya ƙi cin abinci, cikinsa ya fara lotsawa

Mai tambaya, daga Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga kiwon kifin ruwan gishiri. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 60 wanda ban daɗe da haɗawa ba, kuma a cikinsa akwai kifayen kilawun (clownfish) biyu da mandarin ɗaya, wato wani ɗan ƙaramin kifin teku mai launuka, da aka kawo mini daga Legas. Kilawun ɗin suna cin duk abin da na zuba musu, amma mandarin bai taɓa kallon abincin gwangwani ba, haka ma daskararren jatan lande. Yini yake yana bin duwatsu yana tsattsaga kamar kaza mai kiwo, ga shi kuma cikinsa ya fara lotsawa. Raina ba ya so in zuba ido yunwa ta kashe shi. Don Allah me ya kamata in yi?

Wani dattijo daga Daura:
Wa alaikumus salam. Yaro, kifinka ba tsirfa yake yi ba, halittarsa ce haka. Asalinsa daga yammacin tekun Fasifik yake, tun daga tsibiran Ryukyu na Japan har zuwa Ostareliya, kuma a can abincinsa waɗansu ƙananan halittu ne masu rai da ake kira kofefod, waɗanda yake tsinta ɗaya bayan ɗaya daga safe har yamma. Bakinsa ƙarami ne, ba ya iya cika ciki a zama ɗaya, shi ya sa ciyarwar safe da yamma da ta wadatar da kilawun ba ta yi masa komai. Masu kiwonsa sukan jira akwati ya yi wata 6 ko fiye, da duwatsun teku masu yawa, kafin su saka shi, domin kofefod su samu lokacin hayayyafa. Lita 60 kuwa ta yi kaɗan, zai cinye su da sauri fiye da yadda suke haihuwa. Ka jira dare, bayan ka kashe fitilar akwatin, ka haska tocila a jikin gilashin. Idan ka ga fararen ɗigo-ɗigo suna motsi, da sauran abinci. Idan gilashin fayau yake, to ya riga ya share su.

Wata 'yar uwa daga Ƙofar Marusa:
Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, sai dai kifin yana bukatar abin da zai ci a wannan makon. Malam, ka nemi ƙwan artemiya, wato wasu ƙananan halittun ruwan gishiri masu kama da jatan lande, wajen masu sayar da kayan ƙyanƙyasar tarwaɗa, domin da shi suke ciyar da 'ya'yan kifi. Ka yanke gindin gorar ruwa ka kife ta, ka zuba ruwa lita ɗaya da gishiri kamar giram 25, ka saka rabin ƙaramin cokali na ƙwan, sannan ka jona bututun iska. Cikin awa 24 ko sama da haka kaɗan za su ƙyanƙyashe. Idan ka cire iskar, ɓawon zai taso sama, jariran kuma su taru a inda haske yake, sai ka tace su. Ka ba shi su nan take, domin suna daɗewa amfaninsu yana raguwa. Ka kashe famfo lokacin ciyarwa, ka zuba su a cikin ƙaramar kwalba ka kwantar da ita a ƙasan akwatin, don kada kilawun su riga shi. Da gora biyu, ɗaya yau ɗaya gobe, abinci ba zai yanke ba.

Wani ɗan uwa daga unguwar Layout:
Ina ƙara jan hankali kan zafi. Ruwan yana bukatar ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, alhali a watan Afrilu zafin Katsina yakan wuce 40, kuma kifi mai yunwa ba ya jure wannan. Ka ɗora ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, ka jona famfo da injin iska a batirin sola saboda ɗauke wuta. Ruwan da ya ragu kuma da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi, tunda gishiri ba ya bin tururi.

Dattijon Daura ya ƙara da cewa:
'Yata ta kawo dabara mai kyau, amma artemiya riƙon ƙwarya ce, ba za ta riƙe shi shekaru ba. Ko dai ka ware bokiti kana kiwon kofefod da koren ruwan da suke ci, wanda sai ya yi makonni kafin ka fara ɗiba, ko kuwa ka miƙa kifin ga mai babban akwati da ya daɗe. A ganina na biyun ya fi, tun yana da ƙarfin jure tafiya.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na haska gilashin ban ga komai yana motsi ba, don haka zan fara da artemiya. Idan akwai mai babban akwati a Katsina ko Kano da zai iya karɓarsa, ko wanda zai sammini irin kofefod, ina roƙon ya yi magana.