Bes na ɓacewa a inda nake zama

Assalamu alaikum. Na haɗa wufa (sifikar da ke fitar da bes, wato sauti mai kauri) mai inci 10 da sifiku biyu a falo, na sa kurosoba (iyakar da ke raba sauti tsakanin wufa da sifiku) a 80Hz a amfilifaya, na kuma buɗe maɓallin tacewa na bayan wufar har ƙarshe don kada sautin ya tacu sau biyu.

Idan na kunna sautin gwaji daga 40Hz zuwa 120Hz, da ya kai wajen 80Hz sai ya dusashe a kujerata, amma a jikin bango ƙarfinsa na nan. Na juya Phase (maɓallin da ke juya bugun sautin wufar) daga 0 zuwa 180, gurbin da sautin ke dusashewa ya koma wajen 65Hz kawai. Na tura wufar kusurwa, gunji ya cika ɗakin, abin takaici.

Ƙara nisan wufar a saitin amfilifaya zai cike wannan gurbin kuwa?