Shawarwarin da aka bai wa sababbin 'yan cinikin kuɗaɗen waje a Sakkwato

Matasan Sakkwato masu cinikin hannun jari da kuɗaɗen waje ta waya sun zauna da sababbin shiga, kuma ga abin da waɗanda suka daɗe a harkar suka fi nanatawa.

An fi daɗewa ana magana a kan bashin da dillali ke ƙara wa ɗan ciniki. Idan ya ninka maka jarinka sau 100, farashi ya motsa da kashi 1 cikin 100 saɓanin hasashenka, jarin ya ƙare ke nan. Don haka suka ce kada ka jefa fiye da kashi 1 ko 2 na jarinka cikin haɗari a ciniki ɗaya, kuma ka tsayar da iyakar asara kafin ka shiga. A ganina wannan ya fi koyon karanta zanen farashi muhimmanci. Sabon shiga ya fara yin watanni tukuna a asusun gwaji, wanda ba kuɗin gaske ake ciniki da su a cikinsa ba.

Cinikin kuɗaɗen waje da ya kwana ana cire masa kuɗin ruwa ko a ƙara masa, saboda haka a nemi asusun da babu shi, a kuma tambayi malamai.

Duk mai koyarwar da ya yi alkawarin riba tabbatacciya, a guje shi. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta yaudara, ita ma haka ta yi kafin ta ruguje a 2016. Dillalin hannun jarin NGX (kasuwar hannun jari ta Nijeriya) kuwa, a duba rajistarsa a wurin SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar.