Bayosensa: wa zai raɗa mata sunan Hausa?

Jama'a a taimaka min, kwana uku kenan ina fama da kalma ɗaya. Ina rubuta wata 'yar takardar wayar da kai ga masu ciwon suga na unguwarmu, na zo kan bayosensa, wato na'urar da ke amfani da wani sinadari na halitta wajen gano abin da ke cikin jini ko ruwa, na tsaya cak. Ƙanwata ta ce in rubuta "na'urar gwajin suga" kawai in huta, to amma ai ba suga kaɗai ake gwadawa da ita ba, akwai ta kitsen jini, akwai ta gano maganin ƙwari a ruwan sha, duk dangi ɗaya ne.

Bari in faɗi yadda abin yake tukuna don masu kawo shawara su san me suke raɗa wa suna. Wannan ɗan tsinken gwajin suga da ake ɗiga wa jini, a bakinsa an shafa inzayim, wato wani furotin mai hanzarta sarrafa abu, shi ke kama suga ya sarrafa shi, a wajen sarrafawar sai ɗan lantarki ya fito, mitar ta auna lantarkin ta nuna maka lamba. Shi kenan fa. Inzayim ɗin da aka fara da shi sunansa gulukos oksides, daga wata fumfuna ake samo shi mai suna Aspergillus niger (ba ruwanta da Nijar, da Latin baƙi ake nufi). Wani Ba'amurke Leland Clark ne ya kawo dabarar a 1962, na'urar farko ta shiga kasuwa a 1975 amma ta ɗakin gwaji ce, sai a 1987 ExacTech mai kamar biro ta fito wadda mutum zai sa a aljihu.

Shi kansa inzayim wani rikicin ne. A rediyo nakan ji ana cewa "sinadarin narkar da abinci", wanda gaskiya ne ga na cikin ciki, amma na kan tsinke wane abinci yake narkarwa? Alhali mun san aikinsa tun kaka da kakanni, suna ne dai ba mu ba shi ba. Mai kunun zaki da ke zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi don kunu ya yi zaƙi, da mai naɗe nama a ganyen gwanda ya yi laushi, da Fulani masu sa tunfafiya a madara ta daskare, duk da inzayim suke aiki. Wani malami ya ba ni "mazugi", wai kamar mai zuga wuta a maƙera, yana hanzarta aiki shi kuma wutar ba ta cinye shi. Wallahi ta burge ni, sai dai ina tsoron mutane su ɗauka mai zuga rigima ake nufi, don haka a takardar zan bar inzayim in yi bayani da misalin kunu.

To mu dawo kan uwar tafiyar. Na ga shawarwarin da wasunku suka riga suka kawo kan sunan bayosensa. "Ma'aunin halitta" na ƙi shi, ya yi kama da wa'azi. "Shinshinau" ta ba ni dariya amma ai ba iska take shaƙa ba, sai ruwa ya taɓa ta. Masu cewa a bar bayosensa yadda take tunda mun karɓi rediyo da kwamfuta, ina jin ku, amma ku saurari dalilina.

A bazarar bara Baba ya bar robar tsinkayensa a gaban mota, gilas a rufe, tun hantsi har la'asar a watan Afrilu. Ga shi yawancin kwalayen an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a wannan watan ko a inuwa muna haura 40. Washegari ya gwada ya ga lambar da ta tayar mana da hankali, ya sake gwadawa nan take ta ba da wata daban, Hajiya har ta ɗauko mayafi za a tafi asibiti. Da na ce masa tsinkayen ne suka lalace sai ya ce min roba ce fa, yaushe roba ta fara lalacewa a yini ɗaya? Kun ga inda matsalar take. Shi a ganinsa na'ura ce kamar tocila, bai san akwai furotin a kai wanda zafi ke dafa shi kamar ƙwai ba, ko damshin damina ya ɓata shi in an bar murfi a buɗe.

Kuma wannan raunin shi masu bincike ke ta kokawa da shi. Su ɗaure inzayim ɗin a jikin tsinke da sinadari don kada ya saki, su busar da shi tare da wani suga mai suna tirehalos da ke kare shi, su buga hanyoyin lantarkin da tawadar gawayi kamar yadda ake buga rubutu a riga maimakon zinare, wasu ma a kan takarda suke gwadawa, duk don ya yi ƙarko ya yi araha. Don duk mai suga ya sani, mitar sau ɗaya ake saya, tsinke ne ke cin aljihu.

Shi ya sa na tsaya kan wadda wata baiwar Allah ma'aikaciyar jinya ta kawo jiya da dare: ɗanɗanau. Irin su ganau da jiyau. Abu ne mai ɗanɗana ruwa ko jini ya faɗi abin da ya ji, kuma kowa ya san harshe in shayi ya ƙona shi ba ya bambance gishiri da suga. Na gwada ta a kan Baba da safe, na ce ɗanɗanau ɗinka ya ƙone a mota, bai ko tambaye ni ma'ana ba, cewa ya yi to a mayar da sabuwar robar ɗakin Hajiya kusa da randa.

Abin da ya rage min jam'inta, na rasa yadda zan yi, wataƙila in bar ta haka ko ɗaya ko goma. Sannan mutanen Sakkwato da Damagaram ku duba min don Allah, kada ya zama tana da wata ma'ana ta daban a wajenku, ranar Asabar zan kai wa mai bugawa.